Mayar da babban jirgin gilo zuwa lantarki: daga sikeli muke farawa

Mafi yawan jiragen rimot da ake kawo mana domin a sauya musu inji manya ne, masu ɗauke da injin gilo na .60 ko .90, wani lokaci har 1.20 mai bugu huɗu. Lambobin nan girman silinda ne da ma'aunin inci, wato .60 ya kai kusan cc 10, shi kuwa 1.20 cc 20. Injin gilo yana shan metanol da aka gauraya da naitiro da man kasto ko na roba, kuma filoginsa ɗan zaren waya ne da ke zama ja kamar garwashi muddin injin na juyawa. Masu waɗannan jirage sun gaji da goge mai a jikin fiffike bayan kowane tashi, sun gaji da ƙara, sun gaji da injin da ke mutuwa a sama ba sallama. Tambayarsu ta farko ba ta canzawa: wane moto ne daidai da .60?

Ba ma amsa wannan tambaya sai jirgin ya hau sikeli. Rubutun "daidai da .60" da dillalai ke mannawa a kwali talla ce kawai, domin moto ɗaya kan iya ba da wat 600 ko wat 1,100, ya danganta da batirin da aka ɗaura masa da farfelar da yake juyawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne nauyin da jirgin zai tashi da shi. Jirgin koyo mai tafiya a natse yana wadatuwa da wat 150 zuwa 180 a kowane kilo. Wanda ake son ya yi juyi da tsalle-tsalle yana buƙatar wat 220 zuwa 280. Mai son tsayar da jirgi cak a kan farfela, hanci sama, sai ya haura wat 350. Ɗauki jirgin .60 da zai kai kilo 3.5 bayan an gama aiki: wat 900 sun ishe shi ya yi duk abin da yake yi da, har ya ɗara.

Daga wat ɗin ne ake sauka zuwa batir. Kowane sel na LiPo, irin batirin da ake sa wa waɗannan jirage, bolt 3.7 ne a rubuce, 4.2 idan ya cika. Sel shida, abin da ake rubutawa 6S, suna ba da bolt 22.2, kuma idan moto na ja sukan sauka zuwa wajen 21. Raba wat 900 da bolt 21, ka sami amfiya 43. Da za ka nemi wat ɗin nan daga sel huɗu, da ka haura amfiya 60, waya ta yi zafi, filogi ya yi zafi, batir ya kumbura da wuri. Shi ya sa jirgin .46 muke barinsa a sel huɗu ko biyar, na .60 sel shida, na .90 shida zuwa takwas, na 1.20 da abin da ya fi shi kuwa goma ko sha biyu, wato batir biyu aka jera ɗaya bayan ɗaya. Idan za a jera biyu, su zama iri ɗaya, shekarunsu ɗaya, cajinsu ɗaya. Tsohon batir da sabo ba sa zama a jeri guda.

Yawan bolt ne ke zaɓar KV ɗin moto, wato yawan juyi a minti kan kowane bolt. Moton Power 60 na kamfanin E-flite, misali, akwai mai KV 400. A sel shida lissafi ya ba da juyi 8,880 ba farfela, da farfela kuwa ya sauka wajen 7,000 ko sama kaɗan. Injin gilo na .60 yana juya farfela 12x6 ne, wato mai faɗin inci 12 da ke cin gaba inci 6 a kowane juyi, a wajen juyi 11,000. Don haka tsohuwar farfela ba ta da wurin zama a nan. Moto na son farfela mai faɗi da ke juyawa a hankali, 15x8 ko 16x8, irin siririyar nan ta lantarki mai harafin E da kamfanin APC ke yi. A nan ne mutane da yawa ke ƙona kaya. Ƙarin inci ɗaya a faɗin farfela, daga 14 zuwa 15, yana ƙara jan wuta da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma moto ba ya yin ƙorafi kamar injin mai. Injin gilo idan farfela ta yi masa nauyi sai ya rage gudu ya yi ta nishi. Moto kuwa zai ci gaba da zuƙar wuta har kwail ɗinsa ya yi baƙi. Saboda haka babu jirgin da ke fita daga hannunmu ba a sa masa mitar wat tsakanin batir da ESC, wato na'urar da ke daidaita gudun moto, ba, an ɗaure wutsiya, an buɗe totur har ƙarshe na daƙiƙa goma sha biyar, an rubuta amfiya da bolt da wat a takarda.

Babbar farfela tana zuwa da nata rigimar. Auna tazarar da ke tsakanin bakinta da ƙasa yayin da jirgin yake a miƙe kamar zai tashi. Ƙasa da santimita huɗu ko biyar, ciyawa za ta riƙa cin ta. Ko a ƙara tsawon ƙafafun taya, ko a koma farfela mai kunne uku wadda faɗinta ya ragu da inci ɗaya. Sannan tana murɗa jirgi hagu lokacin tashi fiye da yadda mai shi ya saba, musamman idan ya banko totur gaba ɗaya.

ESC, na'urar da ke daidaita gudun moto, muna ba ta rarar aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kan abin da mita ta nuna. Amfiya 43 a mita, muna sa mai 60 ko 70. Wannan kuma idan rubutun jikinta gaskiya ne. Kasuwa ta cika da ESC na kwaikwayo da aka lulluɓe da leda mai sheƙi aka rubuta 80A, ka yanke ledar ka tarar da farantin sanyaya da bai kai faɗin babban yatsa ba, da soda busasshiya wadda ko farce ya ɓamɓare ta. Haka batir. An rubuta 60C ko 100C, lambar da ake ninka girman batir da ita a san amfiyar da zai iya bayarwa, amma da an ja amfiya 45 sai kowane sel ya faɗi ƙasa da bolt 3.5 cikin rabin minti. Batir mai 5,000mAh da ke da 25C na gaskiya ya kamata ya iya ba da amfiya 125. Wanda ya kasa riƙe 45 ba sai an tambayi dillali ba. Sai kuma mai jirgi ya zo yana taya aiki, yana nuna irin kayan a waya da rabin kuɗi, yana cewa ai duk abu ɗaya ne. Jirgin da aka yi watanni ana haɗawa ba shi ne wurin gwada arha ba, kuma irin waɗannan kayan ba ma ɗaura su ko da mai jirgi ne ya kawo abinsa.

Aikin da ya fi cin lokaci yana jikin bangon inji, katakon nan da tsohon inji ke ɗaure a kai. Jirgin da ya shekara uku yana shan gilo, katakon ya jiƙe da mai. Ka danna shi da farce sai ka ga mai ya tsatso, launinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, gefen ramin da bututun tanki ke bi ya yi laushi kamar kwali. Gam ɗin efoksi ba ya kama irin wannan katako, zai bushe a kai ne ya ɓantare. Idan jiƙewar ba ta yi zurfi ba, ana shafa garin sitaci da aka kwaɓa da sifirit, a bar shi ya bushe ya tsotse man, a goge, a maimaita sau uku ko huɗu. Idan ta yi zurfi, a cire bangon ɗungurungum a yanka sabo daga filawud na jirgi mai kauri milimita shida, a ƙarfafa kusurwoyinsa da sanda mai kusurwa uku.

Moto ya fi inji gajarta sosai, don haka sai an tura shi gaba. Kafin a kwance tsohon inji, auna daga bango zuwa fuskar da farfela ke zama. Wannan tazarar ita za a maido. Idan giɓin bai wuce santimita uku ba, ginshiƙan alminiyam huɗu da manyan washa a baya sun isa. Idan ya wuce haka muna haɗa akwatin filawud, domin dogayen ginshiƙai suna murɗewa da ƙarfin babbar farfela. A kula da karkatar da mai zanen jirgin ya sa, yawanci digiri biyu dama da digiri ɗaya ko biyu ƙasa. Wasu jirage karkatar tana jikin bango, wasu kuma tana jikin mazaunin injin da ka cire, ka ga ke nan ta tafi tare da shi. Kowane kusa da ke shiga ƙarfe a ɗiga masa gam ɗin zare mai shuɗi. Moto ba ya girgiza kamar gilo, amma kusoshi suna kwancewa duk da haka.

Sai daidaiton nauyi. Kafin a taɓa komai, a ɗaga jirgin da yatsu a ƙarƙashin fiffike, tanki babu mai, a yi alama inda ya tsaya daidai. Abin da ke fita, inji da salansa da tanki da sarbon totur (ɗan moton da ke buɗe totur da rufe shi), ya kai wajen giram 800 zuwa 850 a jirgin .60. Abin da ke shiga, moto mai giram 380, ESC, mazauni da batir 6S 5,000mAh mai kusan giram 780, ya kai kilo 1.3. Amma nauyin da ke can bakin hanci ya ragu da rabi, saboda haka batir ne zai biya bashin. Yawanci yana zama inda tanki yake, a tura shi gaba har ya kusa taɓa bango. Muna shimfiɗa masa faranti mai tsawo domin a iya matsar da shi gaba ko baya, mu sa abin mannewa a ƙasa da ɗamara biyu a sama. Batir mai giram 780 da ya zame baya a tsakiyar juyi ya gama da jirgin. Darma a hanci ita ce dabarar ƙarshe. Gara a sa batir mafi girma, nauyin ya zama mai amfani. Kuma mai jirgi ya sani, jirgin gilo yana sauka ne bayan ya ƙone giram 300 na mai, na lantarki kuwa da nauyin da ya tashi da shi yake dawowa, don haka a shigo da ɗan totur.

Ƙofar batir muna yanka ta a saman hanci, gaban fiffike, mu zagaye bakin da sandar katako domin jikin jirgin kada ya yi rauni, mu riƙe ta da turaku biyu a gaba da maganaɗisu da sakata a baya. Wanda sai ya kwance fiffike kafin ya cire batir, wata rana zai bar shi a haɗe.

Iska dole ta ratsa. Ramin da kan silinda ke leƙowa ta cikinsa ya zama mashiga, a buɗe wani a bango domin ta wuce kan ESC da batir, sannan a yanka mafita a ƙarƙashin jirgi bayan fiffike, wadda faɗinta ya ninka na mashiga sau biyu. Bayan saukar farko a taɓa: batir kada ya wuce digiri 60, moto kada ya kai 80, domin daga nan maganaɗisunsa ke fara rasa ƙarfi kuma ba ya dawowa.

Idan waya ta gaza, a ƙara tsawon ukun da ke zuwa moto. Tsawaita biyun da ke tsakanin batir da ESC yana haifar da tsallen bolt da ke kashe kafasita, sai dai idan an ƙara wasu kafasitocin a kusa da ESC. Daga sel shida zuwa sama muna sa filogi mai hana tartsatsi irin XT90-S ko AS150, domin tartsatsin haɗawa yana cinye bakin filogi a hankali. Risiba, mai karɓar saƙon rimot, da sarbo biyar ko shida na babban jirgi ba ma rataya su a kan ƙaramin BEC na cikin ESC, wato sashen da ke rage bolt ɗin batir ya ba su wuta. Muna ba su nasu BEC ɗin daban, ko batirin LiFe mai bolt 6.6 idan sarbon na ɗauka, yadda ko ESC ta ƙone matuƙi zai iya sauko da jirginsa. Idan aka yi haka a zare jar wayar da ke tsakiyar filogin totur. Duk saitin rimot ana yin sa ne farfela a cire: a koya wa ESC iyakar totur sama da ƙasa, a juya tashar totur idan rimot ɗin Futaba ne, a saita makunnin kashe moto, a tabbatar moto na tsayawa idan an kashe rimot. In moto ya juya baya, a musanya kowace biyu daga cikin wayoyin nan uku.

Lokacin tashi lissafi ne mai sauƙi. Ba a shan fiye da kashi 80 cikin ɗari na batir, wato 4,000mAh daga 5,000. Jirgin da ke jan amfiya 30 a matsakaici zai yi minti takwas. A tashin farko muna saita agogo a minti huɗu, a sauko, a duba abin da caja ta mayar, daga nan a ƙara minti ɗaya-ɗaya har sel su riƙa dawowa da bolt 3.75 bayan sun huta.