Ruwan da ke cikin dutse ba iri ɗaya ba ne

Ɗalibin ilimin duwatsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi ko Jami'ar Jihar Gombe yana fara cin karo da kalmomin "haidro" tun ajin farko, sai ya ɗauka duk ruwa suke nufi. Daga nan ƙafa ke zamewa. Haidrokabon, wato man fetur da iskar gas da ake nema a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, haidrojin ne da kabon zalla, babu ko ɗigon ruwa a ƙirarsa. Ruwa sai haidrojin biyu sun kama oksijin ɗaya.

Ko ruwan na gaskiya ma, zamansa a cikin ma'adini kala-kala ne, kuma jipsam na yankin Nafada, ma'adinin da ake yin POP da shi, ya isa misali. Akwai danshi, wanda ke maƙale a jikin gari kawai. Akwai kuma ruwan da aka gina ƙwayar dutsen da shi: kashi 20.9 cikin 100 na nauyin tsantsar jipsam ruwa ne, ko da ka ɗauke shi a bushe ƙayau.

Ga yadda ake raba su. A niƙa samfur, a sa a tanda a digiri 45 na ma'aunin Celsius har nauyi ya daina sauka. Abin da ya tafi shi ne danshi. Sannan a auna giram 10 daga busasshen garin, a kai shi digiri 215 zuwa 230, a bar shi ya huce cikin rufaffiyar kwalba mai shanye laima, don in an bar shi a fili zai sake zuƙar ruwa daga iska, musamman da damina. In giram 1.8 ya ragu, ruwan kashi 18 ke nan. Raba 18 da 20.9, sai ka ga jipsam ɗin kusan kashi 86 ne, sauran laka ce da tarkace.

Kuskuren da aka fi yi na sabo ne. Hannu ya saba busar da yashi da ƙasa a digiri 105, sai a yi wa jipsam haka. A wannan zafin ruwan ƙwayar ya riga ya fara fita, sai danshi ya hau a takarda, inganci ya faɗi, a taya kaya mai kyau da arha. Mai haƙa da ya kwana a rami shi ke biyan kuɗin wannan ganganci, bai kuwa san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan ruwan shi ne sirrin POP na silin: an gasa jipsam a wajen digiri 150 ya zubar da kashi uku cikin huɗu na ruwansa, da an kwaɓa ya mayar ya daskare. Shi ya sa in injin niƙa siminti ya yi zafi fiye da kima, jipsam ɗin da aka zuba don jinkirta kamawa yakan koma POP, kwaɓi ya sandare wa magini tun bai gama juyawa ba.

Kawolin, farin yumɓun nan na Alkaleri, nasa daban ne. Haidrojin ɗinsa yana ɗaure da oksijin ɗaya-ɗaya, abin da ake kira haidroksil, ba ya fita a matsayin ruwa sai tsakanin digiri 450 da 600, nauyi ya ragu da kusan kashi 14. In ya fita kuma ba ya dawowa, dalilin da ya sa randa gasasshiya ke shekara da ruwa ba ta koma yumɓu ba.

Batun pH kuwa, wato ma'aunin tsamin ruwa, haidrojin da ke yawo a sake cikin ruwa ake aunawa, kuma kowane mataki ninki goma ne: ruwan ramin gawayi mai pH 4 ya fi mai 7 tsami sau 1,000. A bakin ramin ko rijiyar ake auna shi, bayan an saita na'ura da ruwan gwaji na 4 da na 7. In aka ɗauko shi a gora zuwa gari, iskar kabon ta fice a hanya, lambar da za a karanta ba ta rijiyar ba ce.