Asubahin Nguroje da akori-kurar da ta ƙi tashi

Da hantsi muka bar Jalingo a wata tsohuwar Hilux mai shan gas, wato man dizal, bayanta shaƙe da buhunan gishirin shanu da kanwa da za mu kai wa wani ɗan'uwana a Gembu. Har Bali babu abin ba da labari, ramuka ne kawai da shingayen jami'an tsaro. A Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, muka yi sallah muka ci abinci, gumi na tsiyaya. Daga Mayo Selbe ne ƙasa ta miƙe tsaye. Hanya ta dinga nannaɗe jikin dutse, kwana na bin kwana, ga rami a gefe wanda ido ba ya son leƙawa. Direba ya daina hira, mota na nishi a giya ta ɗaya da ta biyu.

Da muka hau saman Mambila sai ka ce wata ƙasa aka shiga. Tuddai ne masu ciyawa iya ganinka, shanu a warwatse, layin bishiyoyin turare a bakin gidaje. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,600, kuma jiki ne yake fara sanar da mutum haka tun kafin a faɗa masa. Magariba ta riske mu a Nguroje, direba ya ce ba zai yi tuƙin dare cikin hazo ba, muka kwana.

Bayan sallar asuba ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, haka dai. Kafin gari ya gama wayewa mutane sun kewaye mu, kowa da rigar sanyi, kowa da fatawarsa. Wani ya ce batir ne, wani ya rantse gurɓataccen mai aka sayar mana, wani kuma ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin da iska ke shiga inji. Wannan na ƙarshen direba ya ƙi shi ƙememe, kuma na ga gaskiyarsa, don dabara ce da ke iya fasa inji ko ta tayar da gobara.

Mai shayin da ke kusa ne ya aika yaro ya kira wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka tsufa a ƙarƙashin tsofaffin Land Rover ɗin da har yau ke jigila a ƙauyukan tsaunin. Ya zo da sifana biyu da ɗan kwan fitila mai waya a aljihu, shi ke nan kayan aikinsa. Bai ko buɗe bonet ba ya ce da direba, "Ɗana, murɗa in ji."

Ya saurara, sannan ya juyo gare ni. "Alhaji, kada ka sayi batir. Da batir ne, da ka ji ta yi shiru, ko ta yi ƙas-ƙas fitilun gaban direba su dushe. Da kik ne, da ka ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu na nan tangaran, inji bai motsa ba. Wannan kuwa tana juyawa da ƙarfinta." Duk da haka ya girgiza kan batir ɗin ya ga ba ya lilo, babu farin garin nan da ke taruwa ya hana wuta wucewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya zagaya baya ya tsuguna wajen salansa, ya ce a sake murɗawa. Farin hayaƙi ya fito mai warin ɗanyen gas. Ya ce to, mai yana isa inji, ƙonewa ce ba ya yi. Da babu hayaƙi sam, da sai mu koma kan layin mai: ko iska ta shiga, ko filta ta toshe, ko ruwa ya taru a gindinta. Don ya cire shakka ya danna ɗan famfon hannun da ke saman filta, ya ji shi da tauri, alamar layin cike yake. Ya kwance ƙasan filtar ya tara a tafin hannu, gas zalla, babu ruwa.

Sai ya yi mini bayanin da na daɗe ina hawa irin motocin nan ba wanda ya taɓa yi mini. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mai a ciki ya kama da kansa. In ƙarfen ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye zafin kafin man ya kama. Shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita, ɗan sandan ƙarfe da ke yin ja cikin 'yan daƙiƙu idan an buɗe makulli. A Jalingo mota kan yi shekara da matattun hita mai ita bai sani ba, don zafin gari yana rufa mata asiri. Mambila ce ke tona shi.

Ya ɗora wayar kwan fitilarsa a kan ƙarfen da ya haɗa hitocin, ya ce a buɗe makulli. Kwan bai kama ba, wuta ba ta zuwa ke nan. Fiyus lafiya lau. Da ya bi waya zuwa rile, ɗan makullin da ke sakar wa hitocin wuta, sai ga bakinta ya yi kore da tsatsa. Ya kankare da wuƙa, ya ɗaure, kwan ya haska. Sannan ya cire ƙarfen ya gwada hitocin ɗaya bayan ɗaya, biyu cikin huɗu sun mutu.

"Baba, za ta kai mu Gembu a haka?" in ji direba.

"Za ta kai ku, in an lallashe ta."

Aka karɓo butar ruwan zafi wajen mai shayi, ya kwarara a hankali kan bututun da iska ke bi ta shiga inji, yana kauce wa wayoyi. Ya sa direba ya buɗe makulli ya jira fitilar hita ta mutu, ya rufe, ya sake, sai a karo na uku ya ce ya murɗa. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama da silinda biyu, sauran suka biyo baya, hayaƙi ya turnuƙe masu fatawa.

Muka zauna shan shayin ganyen Kakara, wanda a nan tsaunin ake noma shi, mota na ɗumama. Dattijon ya nuna mini yadda direbobin garin suke ajiye motocinsu da dare, hanci na kallon gangara, dutse a gaban taya. In safiya ta yi gardama, a cire dutse, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. Tamu kuwa a kwari muka ajiye ta, da kaya niƙi-niƙi, ko mutum goma ba za su tura ta ba.

Kafin azahar muka gangara Gembu. Ba a sauke buhu ko ɗaya ba sai da direba ya shiga layin masu kayan gyara ya sayo hita huɗu, ya ce a canza su gaba ɗaya, tunda akwai sauran kwana a saman dutse kafin mu juya.