Godiya bayan dawowata daga Dhaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, na iso Gombe lafiya, kuma jiki ya yi sauƙi ƙwarai, sai ragowar kasala da likitoci suka ce za ta wuce a hankali. Duk wanda ya bi wannan tafiya tawa ta ƙaro ilimi zuwa Dhaka, babban birnin Bangladesh, tun daga neman tallafi har zuwa kwanciyata a asibiti ya san abin da aka sha.

Ina godiya ga gidauniyar da ta ɗauki nauyin tikitin jirgi da masauki, da malamaina na Asibitin Koyarwa na Tarayya da suka rubuta mini takardun shaida. Albarkacinsu na samu shiga asibitin icddr,b, cibiyar binciken cututtukan gudawa da ke Dhaka wadda ta gwada ruwan gishiri da sukari a kan masu kwalara tun 1968, na ga yadda ake kwantar da mara lafiya a gado mai huda a tsakiya da bokiti a ƙarƙashi, ana auna ruwan da ya fita daga jikinsa domin a mayar masa da gwargwadonsa. Kowace damina garuruwanmu suna bukatar wannan aiki.

Goggona ta Kumo ta hana ni faɗin abin da ta yi, amma ta yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba. Tallafin bai haɗa da kuɗin biza da inshorar lafiya ba, ga naira ta faɗi, har na fara fid da rai. Goggo ta kai tumakinta kasuwa ba tare da ta shawarci kowa ba, ta shigo motar haya da sassafe, ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa Inna kuɗin, ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Inshorar da aka yanka da kuɗin nan ita ta biya asibiti lokacin da zazzaɓin dengue da sauro ke yaɗawa ya kwantar da ni, cutar da ta kashe fiye da mutum 1,700 a Bangladesh a 2023. Goggo, Allah Ya mayar miki da ninkin abin da kika fitar, Ya kai ki Makka, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Akwai waɗanda a cikin dangi ko waya ba su buga wa Inna ba a kwanakin da ba ta barci. Mun yi musu uzuri.

Limamin unguwarmu da ya sa aka yi ta addu'a bayan sallar asuba, da abokan karatuna da ba su bar gidanmu ba, Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuriya, Ya tsare ku daga jinya a ƙasar da ba ku da kowa. Amin.