Jupita garkuwa ce, in ji Malam

Laraba, da dare.

Maganar da Malam ya yi da rana ta hana ni sakat. Wai Jupita garkuwarmu ce, ba don ita ba da tuni duwatsun sama sun gama da mu. Hujjarsa Yulin 1994, lokacin da gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9, fiye da 20, suka faɗa mata. Na ce, "Malam, da gyara kaɗan." Ya ce in kawo, sai lokaci ya ƙure.

Nauyin Jupita ya ninka na duniyarmu sau 318, kuma jan da ke wurga dutse waje shi ne ke turo wani ciki. A zoben duwatsun da ke tsakanin Mas da Jupita akwai wani wuri, nisansa da rana ninki 2.5 na namu. Dutsen da ke nan yana zagaya rana sau uku kafin Jupita ta yi ɗaya, saboda haka fizgar a wuri guda take samunsa kullum, kamar mai tura lilo. A hankali hanyarsa ta miƙe, ta ƙetare ta Mas, ta ƙetare tamu. Shi ya sa wurin ya zama kango.

Tauraro mai wutsiya na Lexell ma haka. Jupita ta karkato shi a 1767, ya wuce mu a 1770 da tazarar kilomita miliyan biyu da 'yan kai, a 1779 kuma ita ce ta jefa shi nesa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai siffar hanya ce. Ta Jupita kusan da'ira ce, karkacewarta wajen 0.05 (a wannan ma'auni 0 cikakkiyar da'ira ce, kusa da 1 kuma doguwar hanya). Ta HR 5183 b, wata ƙatuwar duniya da ke zagaya wani tauraro daban, ta haura 0.8, ga nauyi kamar Jupita uku. Tana shigowa kusa da tauraronta fiye da yadda Jupita take da rana, ta fita har bayan nisan Naftun. Ƙaramar duniya mai dutse da ke maƙwabtaka da irin wannan, ko a kore ta gaba ɗaya, ko a ja hanyarta ta yi tsawo: ruwanta ya daskare wani sashe na shekara, ya ƙafe wani. Ina ta tunanin tekunan da aka rasa ta haka.

Sauran yinin, lissafi da ciwon kai.

Gobe da Lexell zan fara masa.