Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ladan Kuturu

"Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski." Abin da Kawu ya faɗa wa Baba ke nan a gidanmu na unguwar Nima da ke Accra, Ghana, a 1983, ranar da sunana ya fito cikin yaran da gwamnatin Rawlings za ta tura karatu Kuba. Baba bai tanka ba. Kawu kuwa ko rakiya bai yi mini ba, wai an sayar da ɗan Musulmi ga 'yan gurguzu.

Tsibirin Matasa aka kai mu. Rabin yini a aji, rabin yini a gonar lemo, har hannu ya yi kanta. A tsibirin nan Batista, shugaban Kuba na da, ya ɗaure Fidel Castro bayan harin da ya kai barikin Moncada a 1953, an ma kai mu mun ga kurkukun. Labarin jirgin ruwan Granma da ya dawo da Fidel Kuba, su 82, da hawansa mulki a 1959, mun haddace su kamar karatun allo. Ko sisi Baba bai biya ba, daga littafi har takalmi. Wahalata ɗaya ce, naman alade. Sau da yawa gayar shinkafa na ci.

Askin fa? Mun yi. Mu tsaya a rana muna tafi, jawabi ya ƙi ƙarewa. Abokina ɗan Kuba, wansa ya tsere Amurka ta tashar Mariel a 1980, a unguwarsu tsutsa ake ce wa irinsu. Uwarsu sai ta rufe ƙofa take ambaton sunansa. Jam'iyya ɗaya ce, kuma bango yana da kunne. Da Tarayyar Sobiyet mai tallafa wa Kuba ta rushe a 1991 na ga malamaina sun rame, suna taka keke, wuta ta tafi ta yini.

Ranar da Fidel ya mutu a 2016 ɗana ya ce mini, "Baba, ai ɗan kama-karya ne." Na ce haka ne. Na shiga ɗaki na yi hawaye.

Shi Kawu, Allah ya jiƙansa, da ciwo ya kwantar da shi, likita ɗan Kuba ne ya duba shi, ni na yi musu tafinta. Maganar kuturu ta zo mini har baki, Inna ta harare ni.

Mako mai zuwa, yadda na dawo na tarar an ba wani ɗakina.