Tarihin Rayuwata a Dandali, Kashi na 14: Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

A makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da wasa ya karɓu, gayyata ta fara zuwa ta ko'ina. Yau zan ajiye labarin tukuna, domin a wannan gaɓar ce 'yan barkwanci da yawa suke karyewa, kuma ƙannena masu tasowa gara su ji tun da wuri.

Wasan da ba a rubutawa, wanda ake hawa dandali a ƙirƙiri magana nan take, jarinsa kunne ne. Mai wasa da rubutu ko ya gaji haddarsa za ta fitar da shi. Kai kuwa ba ka da hadda, abin da abokin wasanka ya faɗa yanzu shi za ka gina a kai. To gajiya kunnen take fara ci. Za ka ga kana shirya amsa tun bai rufe baki ba. Ka koma wa muryar baƙauye ko ta mashayi da ka san tana ba da dariya, ka yi ta maimaita ta. Wani ya samu tafi, kai kuma haushi ya kama ka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙosawa da aiki da alamu 3: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar nagarta. A sana'armu ta biyun ce ta fi ɓoyuwa, saboda fuska tana dariya.

A birnin Shikago na Amurka, inda aka buɗe gidan wasa na Second City a 1959, ƙa'idar da aka fi sanin wannan wasa da ita ita ce "na yarda, kuma": ka karɓi abin da aka miƙo maka, ka ƙara naka. A kan dandali daidai ne. Matsalar ita ce mutum ya sauko da ita gida. Biki, na yarda. Suna, na yarda. Bidiyon TikTok da tsakar dare, na yarda. Shawarata: wasa kada ya wuce 3 a mako, atisaye 1 na awa 2, sannan rana guda cur da ba kowa za ka ba dariya ba, har abokan majalisa. Ko a bikin wasanni na birnin Edinbura a Birtaniya da ake yi cikin Agusta, inda ake wasa kullum sama da mako 3, da yawa sukan ware rana guda a tsakiya su huta.

Sai murya. Kafin hawa, minti 10: ka yi guna-guni baki a rufe, ka kaɗa leɓɓa da iska, ka hura sauti ta tsinken shan lemo daga ƙasa zuwa sama. Ruwa tun da safe ake sha, ba kofin ruwa biyu a bakin dandali ba. Idan murya ta dushe kada ka koma raɗa, ita ma wahalar da maƙogwaro take yi, haka yawan gyaran murya. Shiru ne magani. Dushewar da ta kai mako 3 kuwa ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, ba ta zuma da citta ba. Lokacin hunturu a rufe hanci a hanya.

Bayan wasa jiki yana nan a tashe, shi ya sa barci ke ƙi. Goro, kofi da lemon ƙara kuzari a bar su daga la'asar, domin bayan awa 5 kusan rabin sinadarinsu yana cikin jini. Tiramadol da kodin ba sai na daɗe a kansu ba. Kuzarinsu bashi ne, kuma tun 2018 aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya.

Gyaran bayan wasa kada ya wuce minti 10, mutum ɗaya ke magana, a faɗi abu biyu da suka yi kyau da ɗaya da za a gyara. Bidiyon wasa ba a kallonsa a daren. Wasan nan-take dole wani fage ya faɗi, wanda ya kwana yana bitar faɗuwar gobe da tsoro zai hau, mai tsoro kuwa ba ya saurare.

Abu na ƙarshe ya shafi ƙungiya. Wanda ke kama ɗaki, ya karɓi kuɗin ƙofa, ya kira waɗanda suka makara, sannan ya hau wasa, shi ke fara faɗuwa. A riƙa juya wannan aiki duk wata, kuma mai riƙe da shi a ba shi ƙaramin fage a ranar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma inda muka tsaya.