Minti 20 da suka hana ni ganin fadar Alhambra da rana

Har yau in na tuna safiyar nan a Granada sai raina ya sosu. Tun saura wata biyu tafiya na sayi tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke garin, ta intanet, na ga an rubuta 10:30 a jiki, na ɗauka lokacin shiga babbar ƙofa ne. Ashe lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr ne, su ɗin da suka kawo ni Sifaniya tun farko.

Na isa da wuri, sai na fara da lambun Generalife. Ruwa na gudu ta 'yan siraran magudanai, ga inuwa, ga ƙamshin furanni, na samu wuri na zauna na shagala. Ban san akwai tafiya mai ɗan nisa daga lambun zuwa fadojin ba. Ƙarfe 10:50 na iso. Matar da ke bakin ƙofa ta duba tikitina da fasfona, ta nuna mini agogo, ta girgiza kai. Na roƙe ta iya roƙo. Ba ta yi mini tsawa ba, kuma ban ga laifinta ba, doka ce. Duk wanda lokacinsa ya wuce, shi ke nan.

Tikitin rana ya ƙare na kwanaki da dama. Da ƙyar na samu na dare, na washegari. Na ƙara kwana a otal, kuɗin jirgin ƙasan da na biya zuwa Madrid ya bi ruwa.

Ƙarfe 10 na dare na shiga. A Farfajiyar Zakuna, wadda Sarki Muhammad na Biyar ya gina a ƙarni na 14, zakuna 12 na marmara ne ke ɗauke da kwanon ruwa, sirara-siraran ginshiƙai 124 sun kewaye su. A bakin kwanon an sassaƙa baitocin Ibn Zamrak, mawaƙin fadar. Amma abin da ya kama ni shi ne bangon. Ko'ina ka duba, "Wa la galiba illallah" ne, wato babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi ba iyaka cikin zanen ganye da taurari. Na kusa da ni suna jiran jagora ya gaya musu abin da aka rubuta, ni kuwa da karatun allona nake karantawa. Gidan sarautar Banu Nasr da ya riƙe Granada har 1492 ya tafi, kalmar tana nan. Sai da na share ƙwalla.

Duk da haka, fitila ba rana ba ce. Ban ga yadda haske ke ratsa tagogin ya sauka kan tayil ba, kuma shi na fi ɗokin gani.

In za ka je, ka tsaya a layin fadojin tun kafin lokacinka, da fasfonka a hannu. Lambun ba inda zai je, ka bar shi sai daga baya. Ni dai washegari daga harabar masallacin unguwar Albaicín, wanda aka buɗe a 2003, na hango jajayen ganuwar Alhambra cikin rana, sannan na ɗauki jakata na nufi tasha.